Ƙasar da Gara Ba Ta Ci

"Riƙe mata kai, Fadima. Kan za ki riƙe, ƙyale ƙafafun," in ji wata daga cikin matan.

Na durƙusa cikin ramin na tallafo kan Baiwa na ɗora a cinyata. Jikinta sai fizga yake, dugaduganta na dukan ƙasa, idanun sun juye sai fari. Tasar da ta ɗauko ta kife a gefe, baƙar ƙasar nan mai maiƙo ta watsu mata a wuya da ƙirji. Wata tsohuwa ta cusa mata bakin zane tsakanin haƙora, wata tana tofa mata addu'a a kunne.

"Iskokin wurin ne," in ji wata daga bakin ramin. "Wuri ya shekara da shekaru ba kowa, a ce ba mai shi?"

Sani, sarkin samarin unguwarmu, shi aka ɗora a kan aikin. Ya leƙo, ya toshe hanci da hankici.

"Me kuma ya faru?"

"Kana gani kana tambaya," na ce.

"Ku fito da ita ku kai ta bayan katanga. Motar Kwamanda na hanya."

"Likita dai za a kai ta."

"Bayan katanga na ce. In ya wuce, ku kai ta Makka ma in kun ga dama."

Haka muka ciccibe ta muka kwantar a bayan rusasshiyar katanga, kamar mun saci akuya. Motar ta zo. Ta wata kafa na ga Kwamanda, mai mulkin ƙasar Matameye, ya sauke gilashi kaɗan, iska ta kai masa warin wurin, ya mayar ya rufe. Sani ya yi ta sara wa mota har ta ɓace.

Da Baiwa ta farfaɗo ba ruwa ta nema ba, ba kuma 'yarta ba. Ta damƙi hannuna ta ce, "Sani ya ga na faɗi?"

"Ya gani."

"To ki ce masa santsi ne. Kar ya ce na kasa."

Baiwa maƙwabciyata ce. Katangar da ta raba mu gajera ce, ta samanta muke miƙa wa juna gishiri da wuta. Mijinta Muntaka ɗan cin rani ne, kowace shekara Kano yake zuwa sayar da ruwa, ya dawo da saukar damina. A shekarar nan damina ta yi ƙarya. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Muntaka bai jira kaka ba, ya bi ta daji ya ƙetara, don sojojin can sun rufe iyaka. Da zai tafi ina jin sa ta kan katanga yana ce mata, "Ko me za a yi, kar ki bi masu tashi. In dawo in tarar da ku a gidan nan, ke da Jamilatu." Tun daga ranar ba shi ba saƙo. Gidaje suka yi ta mutuwa a unguwa, a ɗaure ƙofa da igiya a nufi Damagaram ko kudu. Baiwa ta riƙe maganar nan kamar layar da aka ɗinka mata.

Wurin da muke aiki Tsohon Izin ake ce masa, wato tsohuwar masana'anta, a bakin gari, kan hanyar maƙabarta. Zamanin da gyaɗa ke da daraja wani kamfani ne ke ɓarzar ta a nan, injuna na ruri tun safe. Da gyaɗa ta mutu kamfanin ya tattara ya tafi. Daga baya wasu suka zo da motoci suka jibge gangunan maganin fara da buhunan wata farar hoda a babban sito, suka kulle, suka manta. Ɓarayi suka kwashe kwanon rufi, ruwa da rana suka ci gangunan, abin da ke ciki ya tsiyaye ƙasa ta sha. Ko ƙaya ba ta fitowa a wurin. Awaki ma kewaye shi suke.

Sai ga umarni daga gwamnatin soja, kowane gari ya yi noman rani. Izin na da babbar rijiyar kamfani wadda ba ta ƙafe ba, don haka Kwamanda ya ce a share wurin a yanka shi fegi-fegi. Duk gidan da ya ba da mutum ɗaya har ƙarshen aiki yana da fegi, kuma kullum da yamma a auna masa tiyar jar dawa ta taimako. Wanda ya yi fashi ya rasa duka biyun. Ni na tsaya wa gidanmu don maigidana ƙafarsa ba ta da lafiya. Baiwa ta tsaya wa nata.

Kafin a fara wani ma'aikaci ya zo daga Yamai, ya zagaya wurin da dogon takalmin roba. A gabanmu ya ce a kankare ƙasar har zurfin gwiwa, a loda a kamyo, babbar motar kaya, a kai ta can cikin daji a binne a ramin siminti. Ya ce a ba kowane mai aiki takalmi da safar hannu da abin rufe hanci. Mun ga an sauke kwalaye a ofishin Samariya, ƙungiyar samarin da Sani ke shugabanta. Cikinsu ne ba mu gani ba. Da ƙafa tsirara muka shiga, maza na haƙa, mu muna ɗauka a ka, ƙasar na zubo mana a fuska tana haɗuwa da gumi. Kamyo ya yi sawu kaɗan, aka ce ba mai. Tsibin ƙasa ya yi ta tashi har ya fi katanga, Sani ya rasa inda zai sa kansa.

Baiwa ce ta tono katakon. Wani ɓarin tsohuwar ƙofa ne, ya shekara binne a wurin. Ta kankare shi da farce ta ƙwanƙwasa.

"Fadima, zo ki ga ikon Allah. Ko huda ɗaya babu."

Wanda bai zauna garinmu ba ba zai gane ba. A nan in kika bar taɓarya a ƙasa, kafin ki waiwayo gara ta ɗanɗana ta. Ta ci azara, ta ci rumbu, ta ci allon yara. A makon nan ma ta shiga akwatin Muntaka ta cinye gefen shuɗiyar rigarsa, ita kaɗai ce rigarsa ta fita. Baiwa ta wuni tana kuka a kan rigar nan fiye da yadda ta yi wa geron da ya ƙone.

Da yamma ta je wurin Sani. "Sarkin samari, in na ɗebi tasa ɗaya ta ƙasar nan zuwa gida, laifi ne?"

"Ki yi me da ita?"

"Daɓe. Gara ba ta cin ta."

Ina tsaye na ga yadda idonsa ya yi haske. Ya dubi tsibin, ya dube ta. Washegari ya sa aka yi shela: duk mai son ƙasar gini ya zo ya ɗiba, gwamnati ta yi wa talakawa kyauta. Kafin wata ya mutu tsibin ya ɓace. Masu amalanke suka kwasa, maza suka yi yaɓe, mata suka yi daɓe. Aka ce Kwamanda ya yaba wa Sani a gaban mutane, ya share wuri ba a ƙona ko ɗigon mai ba.

A daɓe kuwa babu kamar Baiwa. Duk ɗakin amaryar da aka yi a unguwar ita ake kira. Ranar Juma'a da ba aiki ta yi gayyar mata, ta haɗa ƙasar da tsakuwa, ta yayyafa ruwan wankin da ta daɗe tana tarawa, muka jeru da madaɓai muna bugu muna waƙa. Ta bi da makuba ta goge. Ɗaki ya fito baƙi wul yana sheƙi kamar bayan sabuwar tukunya. Da gari ya waye ta share kyankyasai da tururuwa cike da faifai, har da tsaka da wata ƙatuwar kunama, duk a mace. Mata suka yi ta zuwa kallo.

"Baiwa, wannan ai sai ɗakin matar Farfe, gwamnan Damagaram."

"In Muntaka ya dawo zai yi sallama ya koma, ya ce ya ɓata gida."

"Ya koma ina?" in ji ta tana dariya. "Ya shigo ya ga ko sauro sai ya nemi izini."

Wari dai akwai shi, kamar kananzir da ya haɗu da rumar tsohon buhu, amma muka ce zai fita. Ni ma na tara tawa ƙasar a ƙofar ɗaki ina jiran ta samu sarari ta yi mini.

Daga nan ciwon kai ya kama ta. Sai amai. Sai hannunta ya fara rawa, ta ɗauki ludayin koko rabi ya zube kafin ya kai baki. Kajinta biyu suka mutu, muka ce annobar kaji ce. Ita kuwa da rana tana cikin ƙasar nan har wuya, in ta dawo ta kwanta a kanta. Har ranar da ta faɗi a rami.

Da motar Kwamanda ta tafi, na samo Lawwali mai amalanken jaki muka kai ta gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya duba idonta, ya sa ta miƙe hannu, ya sunkuya ya shinshina bakin zanenta. Sai ya tashi ya tura ƙofa.

"A Izin take aiki?"

"Mu duka."

"Wannan ba iska ba ne, ba farfaɗiya ba ce. Maganin fara ne. Ta fata yake shiga, ta numfashi yake shiga. Kar ta sake taka wurin. A wanke ta da sabulu, a ƙona zanen nan."

"To ɗakin fa?" na ce.

"Wane ɗaki?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Ɗakin kwana?"

"Ita da 'yarta."

"Gida nawa suka ɗiba?"

"Ka ce gida nawa ne ba su ɗiba ba."

Ya mayar da tabaransa. Na ce, "Majo, kai za ka gaya wa Kwamanda. Mu wa zai saurare mu?"

"Na gaya masa tun da aka fara kawo mini masu irin wannan ciwo. Ya ce in ina marmarin a tura ni Bilma, can tsakiyar hamada, in sake faɗa." Ya ja allura ya yi mata. "Ku fasa daɓen nan ku fitar da shi. In an tambaye ku me na ce, zazzaɓi na ce."

A hanya Baiwa na kwance a amalanke, ta rufe fuska da mayafi. Ta cikinsa ta ce, "Ba zan fasa ba."

"Kin ji abin da ya ce."

"Me ya sani game da ƙasa? Ƙasar da ta kashe mini kunama ita za ta cuce ni?"

"Abin da ya kashe kunamar nake jin tsoro, Baiwa."

Muka wuce kasuwa. "Ni ba kunama ba ce," ta ce. "Kuma aiki saura kaɗan. In na zauna tiya ta tafi, fegi ya tafi. Sai in ci me, in ba yarinya me? In ɗaure ƙofa in bi hanya, ya zo ya tarar da igiya?"

Abu ɗaya na samu a wurinta, ta yarda Jamilatu ta riƙa kwana a ɗakina. Yarinyar ba ta fi shekara shida ba. "Amma kar ki ce wa kowa don ɗakin ne," in ji ta. "Ki ce taya ki hira take."

Na je na sami Sani a ƙofar ofishin Samariya yana shan shayi.

"Sarkin samari, Baiwa ba ta da lafiya. Ka bar ta ta huta, ka bar mata feginta. Tun ranar farko ba ta yi fashi ba."

"Ba ni na kafa doka ba. Gida ya ba da mutum."

"Mutum nawa ne a gidan? Ka san mijinta ba ya nan."

Ya hura shayinsa. "Ba ta da 'ya? Ta turo ta. Ko da ƙwarya ce ta riƙa ɗauka, zan rufe ido."

Na dube shi. Yaron da aka haifa a gabana, na sha ɗaure masa wando.

"Allah ya isa, Sani."

"Ki yi a hankali, Gwaggo. Bango ma gardi ne yanzu, ɗan sandan Kwamanda."

Baiwa ta koma aiki. Na riƙa rage mata kaya in ba a kallo. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, in ta ɗauki tasa sai ka ji tana kaɗawa a kanta. Aka gama kankara, aka watsa farin yashi a sama, aka kakkafa turaku. Aka ce Farfe da kansa zai zo daga Damagaram ya buɗe, har da masu ɗaukar tele, wato talabijin.

Ana jibi zai zo Baiwa ta sake faɗuwa, a tsakar gidanta, tana tankaɗe. Wannan karon fizgar ba ta sake ta da wuri ba, in ta lafa ta dawo. Majo ya zo da kansa ya yi allura, ya dubi baƙin daɓen, ya dube ni, ya fita. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfa, amma duk sanda ta farfaɗo sai ta ja jiki ta koma ɗakin. Wai ya fi sanyi.

Ana gobe buki sai ga kamyo ya samu mai. Ya yi ta sawu zuwa ƙauyen Dungu, ana tumɓuko salati da tumatir da suka riga suka girma a garaken mutane, wato lambunansu, ana dasawa a kan yashin. Aka buɗe kwalayen nan. Samarin da za su yi layi aka raba wa takalma da farar safa, aka ce kowa ya mayar bayan taro.

Da safen bukin Baiwa ta buɗe ido sarai, har na yi murna.

"An raba?"

"Yau za a raba."

"Ki tsaya mini. Na kusa da rijiya nake so, ba ni da ƙarfin jan ruwa da nisa."

"Zan tsaya."

"Ina Jamilatu?"

"Tana wurina, ta sha koko."

Ta shafa daɓen da tafin hannu, a hankali, kamar yadda takan yi in tana neman inda bai ji bugu ba.

"In ya zo," ta ce, "ki ce masa ban tafi ko'ina ba."

Kafin hantsi ya ɗaga ta cika.

Ni da tsohuwar da ta cusa mata zane a rami muka yi mata wanka. Ruwan farko baƙi ya fito. Muka yi ta canzawa, amma warin nan bai bar gashinta ba. Aka yi mata sutura, maza suka yi salla a ƙofar gida suka ɗauki makara. Ba a jima ba na ji takunsu sun dawo. Maigidana ya shigo yana ɗingishi.

"Sun hana."

"Su wa suka hana me?"

"Gardi sun tare hanya a bakin Izin. Wai gawa ba za ta wuce ta gaban rumfar baƙi ba sai Farfe ya tafi. Liman ya ce to mu zagaya ta gonaki, suka ce duk wanda aka gani da makara yau a sararin nan zai kwana a ɗaure."

"Yaushe zai tafi?"

"Bai ma iso ba."

Rana ta yi tsaka, zafi kamar a gasa mutum. Ƙudaje suka fara taruwa a zaure inda aka ajiye ta. Maza suka yi ta kora da hula. Can sai liman ya sunkuyar da kai ya ce a mayar da ita ɗakinta. Kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Duk gidan, nan ne kaɗai ƙuda ba ya shiga.

Muna zaune muna jin lasifika daga bakin gari. Kiɗa, tafi, wani na ta zuba Faransanci, wani na juyawa da Hausa: ƙasar da ta mutu an raya ta, an kawar da datti, talaka ya ga amfanin aiki. Ban san sanda na tashi ba. Na cika tasa da ƙasar da na tara a ƙofar ɗakina, na ɗora a ka, na fita ba ko takalmi.

An ja igiya an kewaye wurin. Ta bayanta na hango filin kore shar, samari a jere da fararen hannuwa. Sani ne ya fara ganina. Ya taho da sauri, takalmin roba na ƙara a ƙafarsa.

"Gwaggo, don Allah ki rufa mini asiri. Me kika kawo?"

"Gudummawa. Farfe zan kai wa ya daɓe ɗakin 'ya'yansa. Gara ba ta cin ta."

"Ki koma gida. Na ji abin da ya faru, Allah ya ji ƙanta. Feginta na nan, na kusa da rijiya, na rantse miki."

Na sauke tasar a gabansa. "Cire safar ka ɗiba."

"Gwaggo."

"Ɗan kaɗan. Ka murza a hannunka yadda ta yi ta murzawa."

Ya ɓoye hannuwan a bayansa. Ya ja da baya taku ɗaya.

"Ashe ka sani," na ce.

"Duk wanda ya ga kwalayen nan ya sani," ya ce da ƙaramar murya. "Me kike so in yi? An ce in kawar da tsibi, ba a ba ni mai ba."

Wani gardi ya iso ya sa gindin bindiga ya kifar da tasar. Ƙasar ta watsu a kan takalmin gardin. Warin ya tashi, ya yi tsalle gefe yana goge ƙafa da yashi kamar ya taka wuta. Ya daka mini tsawa in ɓace. Na ɗauki tasata na juyo. A bayana ana ta tafi.

Sai bayan la'asar aka binne Baiwa.

Sani ya cika rantsuwarsa, aka ba gidan Muntaka fegin kusa da rijiya. Kafin sadakar bakwai salatin ya kwanta ya yi ruwan toka. Muka sake shuka, ya tsiro ya ƙone. Ruwan rijiyar kansa in ka bar shi a ƙwarya sai wani maiƙo ya taso a sama. Aka daina zuwa. Ba wanda ya zo daga Damagaram ya tambaya.

Jamilatu ta dawo hannuna. Ba ta cika kuka ba, sai dai ta riƙa ɓacewa. In na neme ta na rasa, in leƙa ta kan katanga, sai in ga ƙofar ɗakin uwarta a buɗe. Rannan na shiga na same ta kwance rub da ciki, kumatunta a manne da daɓen.

"Tashi. Ban hana ki shigowa nan ba?"

"Gwaggo, ƙanshin Inna ne a nan."

Na ɗaga ta na kai ta gida na zuba mata kunu. Ta ɗauki ludayi. Ina kallo yana kaɗawa a hannunta, kunun na ɗiga a ƙafarta.

Ban jira kowa ba. Na ɗauki fartanya na ƙetara. Sara na farko fartanyar ta yi tsalle ta dawo, ko tabo ba ta yi ba. Baiwa ba ta aikin wasa. Sai da na aro diga. Ina sara ina zagi, na zagi Sani, na zagi Kwamanda, na zagi wanda ya kawo gangunan da wanda ya manta da su, har na zagi Muntaka da maganarsa. Jamilatu na ihu a ƙofa tana cewa na ɓata ɗakin Inna, maigidana ya riƙe ta. Da na gaji ya karɓa, yana tsaye da ƙafa ɗaya.

Lawwali ya kawo amalanke. Na ce a juye a ƙofar gidan Sani. Da muka isa sai ga 'ya'yansa ƙanana suna wasan ƙasa a wurin. Na ce Lawwali ya wuce. Can kan hanyar Yauri, inda ba gona ba rijiya, muka haƙa rami muka zuba, har da tawa da ban kai ga daɓewa ba, muka tara ƙaya a kai. Wasu a unguwa da suka gani suka fasa nasu. Wasu suka ce sai gara ta dawo ta cinye su? Har yau akwai ɗakunan da ba na bari yaro ya shiga.

Ɗakin Baiwa muka zuba masa yashi kawai, muka bar ƙofa da taga a buɗe. Shuɗiyar rigar Muntaka na fitar da ita daga akwati na rataye a igiya tsakiyar ɗaki, inda gara ba za ta kai ba. Kullum nakan shiga in share, don in ya zo kar ya tarar da gida kamar kango. Rawar hannun Jamilatu ta yi ta raguwa a hankali.

Bazara ta shigo, gabas ta fara haɗa gajimare. 'Yan cin rani suka fara dawowa ɗaya-ɗaya ta daji, duk wanda ya iso sai na aika a tambaye shi. Wata safiya ina tsakar gida sai na ji muryar Jamilatu ta kan katanga.

"Gwaggo, zo ki gani."

Na same ta tsugune a bakin ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu. Tururuwa ce ta yi layi, ta fito daga gindin bango ta ratsa yashin ta bi ƙarƙashin rigar da ke rataye. Ta gaba tana jan ƙwayar jar dawa da ta fi ta girma.

Jamilatu ta ɗaga tsintsiyar. Na riƙe hannunta, na ji shi tsaye cak a cikin nawa. Na tsuguna kusa da ita, muka bar su suna wucewa.